Likita Miller da Littafin da Ke Hannunmu

Littafi Mai Tsarki na Hausa da muke ɗauka zuwa sujada a ƙasar Daura yana da tarihi. Likita Walter Miller, haifaffen Ingila a 1872, ya koyi Hausa a Tarabulus. Ya iso Kano a 1900, Sarki Alu ya hana su zama. A 1905 ya zauna birnin Zariya, yana ba da magani, yana koya wa yara karatu. Amma zuciyarsa na kan littafi. Shekara da shekaru yana fassara tare da Hausawa abokan aikinsa, har cikakken Littafin ya fito a 1932. Hausar ta yi wa yaranmu nauyi yanzu, amma ita dattawanmu suka haddace. Ya rasu a Bukuru a 1952.