Tarihin Antoine Lacassagne, Likitan Da Ya Gano Alaƙar Sinadarin Mata Da Sankarar Nono

Masu karatu, a filinmu na yau mun ɗauko tarihin wani likita Bafaranshe wanda yawancin jama'a ba su taɓa jin sunansa ba, amma kuma duk macen da aka rubuta wa maganin sankarar nono a asibitin Yalgado Ouédraogo na Wagadugu ko wani asibiti, akwai gumin wannan bawan Allah a cikin maganin nata.

An haifi Antoine Lacassagne a ranar 29 ga watan Agusta na shekarar 1884 a garin Villerest na ƙasar Faransa. Mahaifinsa Alexandre Lacassagne shahararren malamin likitanci ne a birnin Liyon, don haka yaron ya taso ne a gidan ilimi, ya kuma gaji sana'ar gida. A Liyon ɗin ya yi karatun likita a hannun Claudius Regaud, inda ya rubuta kundin kammala karatunsa a 1913 a kan irin illar da hasken hoton ƙashi ke yi wa jakar ƙwan mace. Daga nan ya bi malaminsa zuwa Cibiyar Radiyom ta birnin Paris, wadda Marie Curie ke jagorantar ɗaya ɓangarenta. Yaƙin Duniya na Farko ya katse masa aiki, ya tafi jinyar sojoji, bayan an gama ya komo ɗakin bincikensa.

Tun a 1896 wani likitan fiɗa na Gilasgo mai suna George Beatson ya nuna cewa idan aka cire wa mai sankarar nono jakar ƙwanta, wani lokaci ƙarin yakan motse. Sai dai a lokacin ba wanda ya san dalili. Sai wajen 1929 masana suka tace sinadarin da jakar ƙwan ke fitarwa, wato istirojin, wanda shi ne ke umartar ƙwayoyin halittar nono su hayayyafa a lokacin balaga da lokacin ciki.

A shekarar 1932 Lacassagne ya ɗauko ɓeraye maza daga wani dangi da matansu ke yawan kamuwa da sankarar nono amma mazan ba sa yi, ya riƙa yi musu allurar wannan sinadari mako-mako tun suna ƙanana. Bayan wasu watanni sai ga sankara ta fito a nonon mazan. Da ya maimaita gwajin a kan dangin ɓerayen da cutar ba ta cika kama su ba, sai ya ga ba sa kamuwa da sauri haka. Abin da ya fahimta shi ne abubuwa uku ke haɗuwa: yawan sinadarin, tsawon lokacin da aka ɗauka ana ba da shi ba hutu, da kuma gadon jini. Kowace ƙwayar halitta idan aka matsa mata ta yi ta rabuwa, to damar ta yi kuskure tana ƙaruwa, kuma daga irin wannan kuskuren sankara ke tsira.

A 1936 ya kawo shawarar cewa in har za a samu maganin da zai tare wa istirojin hanya, za a iya kare matan da ke da gadon cutar. A lokacin babu irin wannan magani. Amma hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. A 1962 aka haɗa maganin tamoxifen a Ingila, aka amince da shi a can a 1973, kuma aikinsa shi ne daidai abin da Lacassagne ya hango. Yau an san cewa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar nono da wannan sinadari take rayuwa.

Wani abin mamaki kuma, a 1944 Alexander Haddow na Ingila ya nuna cewa istirojin mai yawan gaske yana iya motsar da ƙarin a jikin wasu matan da al'adarsu ta daɗe da ɗaukewa. Sannan a 2002 aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka na mata sama da 16,000 da ake ba istirojin haɗe da firojestin bayan ɗaukewar al'ada, saboda an ga ƙaruwar sankarar nono a cikinsu, alhali waɗanda aka cire wa mahaifa aka ba su istirojin kaɗai ba a ga haka ba. Ke nan magani ɗaya, amma awonsa da haɗinsa da tsawon shansa ke bambanta amfani da cutarwa.

Lacassagne ya gaji malaminsa Regaud a shugabancin sashen binciken a 1937, ya zama farfesa a Collège de France a 1941, daga baya ya shugabanci ƙungiyar yaƙi da sankara ta Faransa. Ya rasu a Paris ranar 16 ga Disamba 1971 yana da shekara 87. Babbar cibiyar jinyar sankara ta birnin Nis sunansa take ɗauke da shi.

Darasi gare mu a nan Zango shi ne, iyayenmu mata da ƙannenmu su guji ƙwayoyi da man shafawa na ƙara girman nono da ake tallarsu a kan tebur da faranti, waɗanda ba wanda ya san abin da ke cikinsu balle awonsu. Wadda likita ya ɗora ta a kan maganin sinadari kuma, kada ta ƙara ko ta rage ko ta daina da kanta, ta koma ta tambaye shi tsawon lokacin da za ta sha. Wadda ta ji wani ƙullutu a nononta ta garzaya asibiti tun yana ƙarami. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.