Alfred, Sarkin Wesseks

A zamanin dā ƙasar Ingila ba ta da sarki guda, sarakuna ne barkatai, kowa na jin kansa. Daga baya ƙasar Wesseks ta rinjayi sauran, mu kuwa a ganinmu Sarki Alfred ne sanadi.

Ya hau gadon sarauta cikin 871, sa'ad da mayaƙan Danmak suka riga suka ci Nortambiriya da Angiliya ta Gabas, ba a jima ba kuma suka karya Marsiya. Cikin 878 suka auka masa ba zato, har ya gudu ya ɓuya a fadamun Atalni. Duk da haka bai karai ba. Ya sake tara jama'a, ya fatattake su a Edington, sarkinsu Gutrum ya nemi sulhu.

Sa'an nan ya gina garuruwa masu ganuwa, ya kasa rundunarsa biyu, rabi na gida suna noma, rabi na bakin daga. Ya tara malamai, shi da kansa kuma ya juya littattafai daga Latin zuwa harshen talakawansa. Ya rasu cikin 899. Jikansa Atalstan ne ya haɗa Ingila duka cikin 927.

Mu masu shirin fita koyarwa, abin lura gare mu shi ne, sarkin nan bai jira hankali ya kwanta ba kafin ya nemar wa jama'arsa ilmi.