Ilya Mecnikof da darasin ƙwaryar nono

Mai karatu, duk wanda ya taɓa dama fura da nono ya amfana da aikin wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, wato bakteriyar da ke mayar da zaƙin madara ya zama tsami. Masanin da ya jawo hankalin likitocin Turai gare su shi ne Ilya Mecnikof.

An haife shi a shekarar 1845 kusa da birnin Karkif na Yukren, lokacin tana ƙarƙashin daular Rasha. Ya karanci ilimin dabbobi, ya koyar a Jami'ar Odesa, har ya ajiye aiki a 1882 ya koma Mesina ta Italiya. A can ne ya soka ƙaya a jikin ɗan tauraron teku, washegari ya tarar wasu ƙwayoyin jikin sun yi wa ƙayar ƙawanya. Daga nan ya fahimci cewa jiki yana da dakarun da ke haɗiye ƙwayoyin cuta. Ya kama aiki a Cibiyar Pasteur da ke Faris a 1888, kuma a 1908 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Paul Ehrlich.

Da girma ya zo masa, sai ya karkata ga nazarin tsufa. Ya yi zaton gubar bakteriyar babban hanji ce ke tsofar da mutum, kuma labarin yawan tsofaffi a ƙauyukan Bulgeriya, inda ake shan nono mai tsami, ya ƙarfafa masa gwiwa. A 1905 wani ɗalibin likitanci ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorof, ya gano bakteriyar nonon nasu. Mecnikof ya yaɗa amfaninta a littafinsa na 1907, shi ma yana shan nonon kullum. Ciwon zuciya ne ya zama ajalinsa a 1916, yana da shekara 71.

Kimiyya ta yi watsi da batun gubar hanji, amma ba ta saki bakteriyar ba. A 2006 masana a Faransa suka karance kundin gadonta, suka ga alamun cewa kakanninta a jikin tsirrai suka rayu, kuma tun da ta samu zama a madara take zubar da ƙwayoyin gadon da ta daina buƙata. Ashe al'adar haɗa nonon yau da ragowar na jiya tana sāke halitta.

To, wannan al'ada ce matan Fulani ke yi a rugage har gobe. Kowace ƙwarya na iya ɗauke da zuriyar bakteriya mai tarihinta. Idan madarar gari da yogot ɗin kamfani suka kore ta, za ta ɓace ba a rubuta ta ba. Mecnikof bai raina abincin ƙauye ba. Ya kamata jami'o'inmu su tattara irin kindirmonmu, su karance shi, su adana tun ana samunsa. Allah Ya sa mu dace.