Nana Asma'u 'Yar Shehu (1793-1864)

A Maratta, nan jiharmu ta Tawa, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. 'Yarsa Asma'u kuwa a Ɗagel. Tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta sha yunwa da fargabar yaƙi tare da jama'a. Haƙurin da ta gani wurin mahaifinta, a waƙa ta adana mana shi. Shehu yakan ɗaure nasiha da ƙafiya da maimaici, domin mai gudun hijira ya haddace ko babu takarda. Ta mayar da waƙarsa Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, jajinta suka kai baitocinta ga matan ƙauye. Kabarinta yana Sakkwato. Allah Ya jiƙanta.