Alhasan Alwazan, Wanda Ya Sa Sunan Kano Cikin Littattafan Turai

Mu da muke noma a ƙasar Bici da Dambatta, mukan zaci Turawa ba su san labarinmu ba sai da Kilafaton ya iso Kano a 1824. Ba haka ba ne. Tun shekara 274 kafin zuwansa masanan Turai suna karanta labarin gonakinmu. Wanda ya rubuta musu shi kuwa kamamme ne.

Sunansa Alhasan ɗan Muhammadu Alwazan, amma Turawa suna ce da shi Liyo na Afirka. An haife shi a Garanada ta ƙasar Sifen wajen 1492, shekarar da birnin ya fita daga hannun Musulmi. Iyayensa suka yi ƙaura zuwa Fas ta Maroko, can ya yi karatu. Tun yana saurayi ya bi kawunsa, wanda sarkin Fas ya aika Tumbutu. Daga baya shi ma ya zama manzon sarki, ya yi tafiya har Masar.

A 1518 yana komowa gida cikin jirgin ruwa, sai 'yan fashin teku Kirista suka kama shi. Da suka ga malami ne, suka kai shi Roma wurin Paparoma Liyo na 10. Ya yi fiye da shekara a tsare. Ran 6 ga Janairu 1520 Paparoma ya yi masa baftisma, ya sa masa suna Yohanna Liyo. Ubangiji kaɗai ya san abin da ke cikin zuciyarsa a ran nan. Amma sai mu tuna, bangaskiya ba ta shiga da sarƙa, gama Allah yana son mutum ya zo da yardar ransa.

A zamanin nan masanan Italiya suna ƙishin sanin harsuna da ƙasashe. Alhasan ya koya musu Larabci. Ya kwafi wasiƙun Manzo Bulus da Larabci. Ya kuma yi aiki tare da wani likita Bayahude, Yakubu Mantino, a kan ƙamus na Larabci da Ibraniyanci da Latin. A 1526 ya gama babban littafinsa na bayanin Afirka da harshen Italiya. A 1527 mayaƙa suka washe Roma. Masana da yawa suna gani a wajen lokacin nan ne ya koma Tunis da addininsa na fari.

Littafin bai bi shi ba. Ramusiyo ya buga shi a Fenis a 1550. Aka juya shi zuwa Faransanci da Latin a 1556, Ingilishi kuma a 1600. A ciki ya ambaci Kano, da Katsina, da Zazzau, da Zamfara, da Gobir. Ya nuna ƙasar Kano tana da hatsi da shinkafa da auduga a yalwace, birnin yana da ganuwa, mutanensa masu sana'a ne da fatake. Ya ba da labarin dukawan Gobir, waɗanda ake kai takalmansu har Tumbutu. Zamanin Sarki Muhammadu Kisoki ke nan, wanda ya hau gadon Kano a 1509. Ashe fartanyar kakanninmu ta yi suna a Turai ba su sani ba.

Amma akwai gyara. Ya rubuta Askiya na Songhai ya ci Kano da yaƙi, tarihin sarakunan Kano kuwa bai faɗi haka ba. Domin wannan waɗansu masana suna gani bai taka Kano ba, a bakin fatake ya ji. Ya kuma nuna kogin Kwara yamma yake gangarawa. Masu zana taswira suka bi shi, har Mungo Park ya tsaya a bakin kogin a Segu a 1796, ya ga ruwan gabas ya nufa. Kuskure ɗaya ya yi shekara kusan 250 yana ɓad da masu ilimi.

Ya ku masu karatu, ga abin koyo. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka buga a takarda. Gaskiyar Alhasan da kuskurensa duka sun fi shi tsawon rai. Mu da Allah ya ba mu karatu, kada mu bar labarin garuruwanmu a hannun baƙo kaɗai. Bari mu zauna da tsofaffi tun suna da rai, mu rubuta abin da suka sani. Sa'ad da muke rubutawa kuwa, mu rarrabe abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, gama jikokinmu za su gaskata mu.