Malam Aminu Kano, Malamin Da Ya Koya Wa Samari Darajar Ƙuri'a

An haifi marigayi Malam Aminu Kano a unguwar Sudawa, cikin birnin Kano, a shekarar 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, muhuti ne a kotun Alƙali, saboda haka tun yana ƙarami ya buɗe ido da karatun addini da sha'anin shari'a. Bayan ya gama Kwalejin Kaduna a 1942, sai ya kama aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Bauci. A can ne shi da Malam Sa'adu Zungur suka riƙa tara samarin ma'aikata ana muhawara a kan yadda ake mulkin ƙasa.

A 1950 ya ajiye aikin gwamnati a Maru, ya shiga Jam'iyyar NEPU, wadda ya zama shugabanta a 1953. Zaɓen 1951 ya nuna masa girman aikin da ke gabansa. A lokacin zaɓe hawa-hawa ake yi, kuma ko da yake mutanen NEPU sun ci matakin farko a Kano, da aka zo matakin ƙarshe, inda En'e ke da ikon saka nata mutane, ba su sami kujera ko ɗaya ba. Ga kuma talakawa da yawa waɗanda ke ɗaukar ƙuri'a tamkar haraji, watau abin da ake kai wa hakimi don a zauna lafiya.

To, sai Malam ya mai da dandalin lacca ya zama aji. Yakan tsaya ya bayyana wa jama'a ma'anar majalisa, da aikin wakili, da inda kuɗin haraji ke tafiya, yana kafa hujja da Alƙur'ani da tarihin Shehu Ɗanfodiyo. Matasan jam'iyyar, watau Rundunar Samarin Sawaba, suka ɗauki wannan karatu zuwa kasuwanni da ƙauyuka, wasunsu kuwa suka sha ɗauri a kansa. A 1959 aka zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Tarayya daga Kano ta Gabas.

Ya daɗe yana neman a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a, abin da bai tabbata ba sai 1976. A zaɓen 1979, wanda aka saukar da shekarun mai zaɓe zuwa 18, Jam'iyyarsa ta PRP, duk da ƙarancin kuɗinta, ta ci kujerun Gwamna a Jihohin Kano da Kaduna. Wannan ya nuna cewa wahalar shekara talatin ba ta faɗi ƙasa banza ba, domin saurayin da ya san dalilin zaɓe da wuya a saye shi, da wuya kuma ya zauna a gida ranar ƙuri'a.

Malam Aminu ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983. Daga baya aka mai da gidansa, Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.