Clement Attlee: Firaministan da ya gaji baitulmali wayam, ya kafa asibitin kyauta

A watan Yulin 1945, da aka gama ƙirga ƙuri'u a Birtaniya, mutane da yawa a duniya sun sha mamaki. Winston Churchill, wanda ya jagoranci ƙasar a yaƙi da Hitler, ya sha kaye. Wanda ya kayar da shi mutum ne mai sanƙo, marar yawan magana, da ba ya rabuwa da lofe a baki. Sunansa Clement Attlee, kuma jam'iyyarsa ta Leba ta samu kujeru 393 a majalisar dokoki.

An haifi Attlee ranar 3 ga Janairun 1883 a Putney, cikin gidan lauya mai rufin asiri. Ya yi karatu a Haileybury da jami'ar Oxford, shi ma ya zama lauya, kuma babu abin da ya nuna zai zama ɗan gurguzu. Abin da ya sauya shi wata ziyara ce a 1905 zuwa wani kulob na yaran talakawa a Stepney, gabashin Landan. Talaucin da ya gani ya sa ya tare a unguwar, ya kuma yanke cewa sadaka ba za ta magance wannan hali ba, sai hukuma ta shigo. A yaƙin duniya na ɗaya ya yi faɗa a Gallipoli, aka ji masa rauni a Iraƙi, yayin da wansa Tom ke kurkuku saboda ya ƙi ɗaukar makami. Ya zama magajin garin Stepney a 1919, ɗan majalisa a 1922, shugaban jam'iyya a 1935. Mutane da dama sun ɗauka riƙon ƙwarya zai yi. Sai da ya shekara 20 a kujerar.

Ƙasar da aka miƙa masa ta ci yaƙi amma aljihunta a bushe yake. Cikin watan Agustan 1945 Amurka ta datse tallafin kayan da take bayarwa lokacin yaƙi. Aka tura masanin tattalin arziki John Maynard Keynes zuwa Washington, ya dawo da bashin dala biliyan 3.75 da wani sharaɗi mai ɗaci: dole a bar duk mai fam ya iya canza shi da dala. Da aka fara aiki da sharaɗin a Yulin 1947, dala ta riƙa zurarewa, har aka dakatar da shi cikin makonni biyar.

Talaka kuwa a cikinsa ya ji abin. Burodi, wanda ko a tsakiyar yaƙi ba a taƙaita sayensa ba, ya koma na kati a 1946. Sai ga hunturun 1947, dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyin jirgin ƙasa, kwal ya daskare a bakin ma'adinai, aka riƙa ɗauke wuta, masana'antu suka rufe. A Satumban 1949 gwamnati ta karya darajar fam daga dala 4.03 zuwa dala 2.80.

A cikin wannan ƙunci ne Attlee ya ƙi jingine alkawuran zaɓe. Babban bankin Ingila ya koma hannun gwamnati a 1946, ma'adinan kwal a 1947, jiragen ƙasa da lantarki a 1948, daga baya iskar gas da ƙarafa. Aka kafa inshorar ƙasa mai biyan marar lafiya da marar aiki da tsoho, aka ɗaga shekarun barin makaranta zuwa 15. Amma abin da ya fi zama a zukatan jama'a shi ne hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, da ta fara aiki ranar 5 ga Yulin 1948. A ranar, ganin likita da kwanciya asibiti da magani duk suka zama kyauta a lokacin buƙata, haraji ya ɗauki nauyi. Attlee ya damƙa aikin ga Aneurin Bevan, tsohon mahaƙin kwal daga Wales, mai zafin baki, wanda halinsa ya saɓa da nasa ta kowace fuska. Ƙungiyar likitoci ta yi ta turjiya, sai da aka bar manyan likitoci su ci gaba da duba masu kuɗi a gefe sannan suka sauko. A nan ƙwarewar Attlee take: bai iya zuga taro ba, amma ya iya haɗa masu girman kai irin su Bevan da Ernest Bevin da Herbert Morrison a tebur ɗaya, ya katse mai dogon bayani, a tashi da shawara.

Akwai ɓangaren labarin da ba a cika faɗa a Landan ba. Dalar da Birtaniya ke nema ruwa a jallo, wani kaso nata daga gonakin ƙasashen da take mulka ya fito. Hukumomin sayen amfanin gona, irin ta koko a Gold Coast da ta gyaɗa a Najeriya, suna biyan manomi ƙasa da farashin kasuwar duniya, rarar kuma ana ajiye ta a Landan. Saboda ƙarancin man girki, gwamnatin ta zuba sama da fam miliyan 36 a shirin noman gyaɗa a Tanganyika, a ƙasar da ruwan sama bai isa ba, aka watsar da shi a 1951. A daidai lokacin, buhunan gyaɗa na jibge dala-dala a Kano suna jiran taragon da zai kai su Legas. A zamanin wannan gwamnati ta ma'aikata ne kuma 'yan sanda suka harbe tsoffin sojoji a Accra a Fabrairun 1948, suka kashe mahaƙan kwal 21 a Inugu a Nuwamban 1949. Duk da haka, ita ce ta janye daga Indiya a 1947, duk da cewa rabuwar ƙasar da Pakistan ta zo da zubar jini mai yawa, kuma a lokacinta aka buɗe kwalejojin jami'a na Ibadan da Gold Coast a 1948.

Yaƙin Koriya ne ya ƙarasa gajiyar da gwamnatin. Domin a samu kuɗin makamai, aka sanya wa haƙoran roba da tabarau farashi, Bevan ya yi murabus a Afrilun 1951, Harold Wilson ya bi shi. A zaɓen Oktoba na shekarar, Leba ta fi kowace jam'iyya yawan ƙuri'u, kusan miliyan 14, amma ba ta samu rinjayen kujeru ba, Churchill ya dawo. Masu ra'ayin riƙau sun mayar da ƙarafa ga 'yan kasuwa, amma ba su rushe asibitin kyauta ba.

Attlee ya sauka daga shugabancin jam'iyya a ƙarshen 1955, ya shiga majalisar dattawan Birtaniya. Matarsa Violet, wadda ita ke tuƙa shi a motar gidansu lokacin yawon neman zaɓe, ta riga shi rasuwa a 1964. Shi kuma ya rasu ranar 8 ga Oktoban 1967 yana da shekara 84, aka binne tokar gawarsa a majami'ar Westminster.